Sabuntawa duk bayan mako biyu, amma wa aka tambaya?

A watan Fabrairun 2018 miliyoyin masu amfani da Snapchat suka wayi gari suka tarar manhajar ta canza kama. An haɗe hirar abokai da labaransu a waje guda ta ɓangaren hagu, aka kwashe na shahararrun mutane da kafafen yaɗa labarai aka kai su dama. Mutum ya buɗe manhajar da yatsunsa suka haddace, ya rasa inda abin da yake nema ya shige. Fiye da mutum miliyan 1.2 suka sa hannu a takardar koke a shafin Change.org suna neman a dawo da tsohon tsari. Ranar 21 ga watan Kylie Jenner ta rubuta a Twitter cewa ta daina buɗe manhajar, washegari darajar kamfanin a kasuwar hannun jari ta ragu da kimanin dala biliyan 1.3. Zuwa watan Mayu kamfanin ya janye wani ɓangare na sauye-sauyen, amma a tsakiyar shekarar masu shiga manhajar kullum sun ragu daga miliyan 191 zuwa miliyan 188.

Snapchat bai rasa ƙwararrun injiniyoyi ba, bai kuma rasa kuɗi ba. Manhajar da ya fitar tana aiki, ba ta rufewa da kanta, maɓallanta suna dannuwa. Abin da ya ɓaci shi ne alaƙar manhajar da mutanen da ke riƙe da ita a hannu, kuma wannan ɓangaren ne aka fi yi wa riƙon sakainar kashi a yadda ake gina manhajoji a yau.

Duk mai wayar Android ya san yadda Play Store ke cika da jerin sabuntawa. Ka sabunta yau, bayan kwana goma wata ta sake fitowa, data tana tafiya. Wannan ba haka kawai ya faru ba. A watan Fabrairun 2001 wasu masu rubuta manhaja su 17 suka haɗu a Snowbird da ke jihar Utah ta Amurka, suka fitar da wata gajeriyar takarda da ta kafa tsarin aikin da ake kira Agile. Kafin nan, al'adar da ta fi yaɗuwa ita ce a shafe watanni ana rubuta abin da za a gina, a shafe shekara ko fiye ana ginawa, sannan a kai wa mai shi a ƙarshe. Sau da yawa kafin a gama, buƙatar ma ta canza. Mutanen Snowbird suka ce a riƙa gina abu kaɗan-kaɗan, a riƙa fitarwa da wuri, a riƙa gyara a kan hanya. Salon da ya fi shahara a cikin wannan tsari shi ne Scrum, na Ken Schwaber da Jeff Sutherland, inda ake yanka aiki zuwa zango-zango. Zango ɗaya ba ya wuce wata guda, kuma yawancin kamfanoni mako biyu suke ɗauka. Kowace safiya ma'aikata su yi taron minti 15, a ƙarshen zango kuma a nuna abin da aka kammala.

Tsarin ya yi amfani, babu mai musun haka. Sai dai yana da wani giɓi tun daga tushe. Takardar Snowbird ta ce babban ma'aunin ci gaba shi ne manhaja mai aiki, ta kuma ƙarfafa haɗa kai da abokin ciniki. To abokin cinikin kamfanin da ke gina manhajar banki shi ne bankin. Mai shayin da zai tsaya a bakin titi yana ƙoƙarin tabbatar da ko kuɗinsa sun shigo wani mutum ne daban. A cikin Scrum an ambaci mai kula da kayan da ake ginawa, an ambaci mai kula da tafiyar tsarin, an ambaci masu ginin. Ba a ware wa mai binciken masu amfani da manhaja kujera ba. Wanda ba shi da kujera a taro kuwa, shi ake fara mantawa idan lokaci ya ƙure.

Me mai binciken yake yi?

Fannin da ake kira UX a taƙaice ya shafi duk abin da mutum ke ji da gani da sha yayin amfani da wata na'ura ko manhaja. Don Norman ne ya yaɗa sunan lokacin da yake aiki a Apple a farkon shekarun 1990. Aikin mai bincike a wannan fanni ba wani abu ne mai sarƙaƙiya ba idan aka warware shi. Yana zama da mutane ya ji yadda suke tafiyar da harkarsu. Yana zuwa inda suke, kasuwa ko ofis ko gida, ya kalli yadda suke amfani da waya. Yana miƙa wa mutum manhaja ya ce masa, alal misali, tura wa ƙaninka dubu biyar, sannan ya yi shiru yana kallo, mutumin kuma yana faɗin abin da ke ransa a fili. Inda mutumin ya tsaya yana sosa ƙeya, nan matsala take.

A da irin wannan bincike yakan ɗauki makonni, a ƙare da rahoto mai kauri. Da aka koma zangon mako biyu, sai manajoji da yawa suka samu uzuri: babu lokaci, a fitar kawai, alƙaluma za su nuna idan akwai matsala. Wannan uzuri ba ya karɓuwa, domin an daɗe da gano yadda za a yi binciken ya tafi kafaɗa da kafaɗa da saurin aikin.

Tun a shekarar 2000 Jakob Nielsen ya wallafa wani rubutu da ya yi fice, inda ya nuna cewa gwaji da mutum biyar kacal kan bankaɗo kimanin kashi 85 cikin ɗari na matsalolin amfani da manhaja. Mutum na shida da na bakwai yawanci abin da na farko suka yi tuntuɓe da shi za su sake maimaitawa. Shawararsa ita ce, maimakon a kashe kuɗi a gwaji ɗaya da mutum 15, a yi gwaji uku da mutum biyar-biyar, ana gyarawa a tsakani. Masu bincike a Microsoft sun ƙara matsawa gaba lokacin da suke gwada darasin koyon wasan Age of Empires II: idan mai gwaji ɗaya ya ci karo da matsalar da dalilinta ya fito fili, a gyara nan take kafin na gaba ya zauna. A 2007 kuma Desirée Sy, wadda ta yi aiki a kamfanin Alias da Autodesk ya saya, ta bayyana yadda suke tafiyar da layi biyu a lokaci guda. Masu zane da bincike suna gaba da zango ɗaya, suna gwada abin da za a gina nan da mako biyu, a lokaci guda kuma suna duba abin da aka gina a zangon da ya wuce. Injiniya ba ya zaman jiran rahoto, mai bincike kuma ba ya zuwa bayan an gama komai.

Hukumar da ke gina shafukan gwamnatin Birtaniya, wadda ta buɗe GOV.UK a 2012, ta ɗauki wata ƙa'ida da ta fi duk waɗannan sauƙi: kowane ma'aikaci a tawaga, har da injiniya da manaja, ya shafe aƙalla awa biyu a duk mako shida yana kallon mutanen gaske suna amfani da abin da ya gina. Hikimar a bayyane take. Injiniyan da aka kawo wa rahoto zai iya yin gardama da shi har la'asar. Wanda ya zauna ya ga dattijuwa ta kasa gano maɓallin da ya kwana uku yana ginawa ba ya buƙatar a lallashe shi. Gani ya kori ji. Awa biyu a mako shida ba ta kai lokacin da tawagar ke ɓatawa a tarukan safe na mako biyu ba.

Alƙaluma ba sa ganin wanda ya tafi

Masu kare tsarin fitarwa ba tare da bincike ba suna da makami mai ƙarfi, wato gwajin A da B. A nuna wa rabin mutane maɓalli kore, rabi kuma shuɗi, a ga wanda aka fi dannawa. Google ya taɓa gwada launin shuɗi har kala 41 don zaɓar wanda zai sa wa mahaɗan shafinsa, kuma wannan na cikin abubuwan da babban mai zanensa Douglas Bowman ya ambata lokacin da ya bar kamfanin a 2009. Irin wannan gwaji yana da ranarsa. Yana faɗin abin da ya faru ga mutum miliyan, abin da zama da mutum biyar ba zai taɓa iya faɗa ba.

Amma ba ya faɗin dalili. Idan alƙaluma suka nuna mutane sun ƙara daɗewa a wani shafi, ko dai shafin ya burge su, ko kuma sun ɓata ne suna neman hanyar fita. A jadawali duka biyun layi ɗaya ne mai hawa sama. A watan Yulin 2022 Instagram ya gwada cika allo da bidiyo irin na TikTok tare da cusa hotunan mutanen da mai asusu bai bi ba. Shugabansa Adam Mosseri ya fito ya kare matakin da cewa mutane bidiyo suke ƙara kalla, amma cikin 'yan kwanaki kamfanin ya dakatar da gwajin saboda yawan ƙorafi. Mutum zai iya kallon abin da aka tura masa gaban ido ba tare da yana so ba.

Akwai kuma wanda alƙaluman ba sa ƙirgawa sam: mutumin da ya sauke manhaja, ta cinye masa rabin datarsa, ta ƙi buɗewa a wayarsa mai ƙaramin ma'aji, ya goge ta ya kama gabansa. Shi bai danna kore ba, bai danna shuɗi ba.

Kada kuma a manta cewa gwajin da ake yi wa mutane ba da saninsu ba yana da iyaka. A watan Janairun 2012 Facebook ya sauya abin da kusan mutum dubu 689 ke gani na tsawon mako guda, don a ga ko rage labaran farin ciki ko na baƙin ciki zai canza abin da su ma suke rubutawa. Da aka wallafa sakamakon a 2014, duniya ta yi ca a kan kamfanin. Shi mai zama da mutum ido da ido dole ya nemi izini tukuna.

Waɗanne mutum biyar?

A nan ne batun ya fi shafar matashin da ke Kano ko Maraɗi ko Kumasi. Lissafin Nielsen yana aiki ne idan mutum biyar ɗin sun yi kama da waɗanda za su yi amfani da manhajar, kuma shi da kansa ya ce idan masu amfanin sun kasu gida-gida, sai an ɗebo daga kowane gida. Wani nazari da Laura Faulkner ta wallafa a 2003 ya nuna cewa wani rukunin mutum biyar ya gano kashi 99 na matsaloli, wani kuma kashi 55 kawai, ya danganta da waɗanda aka ci karo da su. Idan tawaga ta leƙa ofishin da ke maƙwabtaka da ita ta kira abokai biyar masu iPhone da intanet mai gudu, ta yi gwaji, amma kanta ta gwada.

Facebook ya gane wannan a 2015, lokacin da ya fito da wani tsari na ranar Talata inda ma'aikata za su iya rage gudun intanet ɗinsu zuwa 2G na tsawon awa guda, su ɗanɗana abin da masu amfani a Indiya da Afirka ke sha. A shekarar ce kuma ya fitar da Facebook Lite. Kamfanin Transsion na ƙasar Sin, mai Tecno da Itel da Infinix, ya mamaye kasuwar Afirka ne da abubuwan da sai wanda ya lura da rayuwar mutane zai kawo: waya mai layi biyu saboda sabis ɗin da ke zuwa yana ɗaukewa, batir mai daɗewa saboda wutar lantarki, kyamarar da aka daidaita don ta fito da baƙar fata da kyau, da harsuna irin su Hausa da Amharik da Swahili.

Misalin da ya fi kowanne koyarwa shi ne M-Pesa na Kenya. Da aka fara gwajinsa a 2005, an tsara shi ne don masu karɓar ƙananan basussuka daga wata cibiya mai suna Faulu su riƙa biyan bashi ta waya. Masu aikin, ciki har da Nick Hughes da Susie Lonie, suka zuba ido a kan abin da 'yan ɗaruruwan masu gwajin ke yi da shi a zahiri. Sai suka ga abin da ba su tsara ba. Wani yana biya wa wani bashi. Ɗan kasuwa yana zuba kuɗi da yamma don kada ya kwana da su a aljihu, ya cire da safe. Wani yana zubawa kafin ya hau mota, ya cire idan ya sauka lafiya. Wasu suna tura wa 'yan uwa a ƙauye. Da aka ƙaddamar da shi ga kowa a watan Maris na 2007, an ajiye batun bashi gefe, aka tallata shi a matsayin hanyar aika kuɗi gida. Da a ce masu aikin sun tsaya kan ƙirga mutum nawa suka biya bashi a kan lokaci, da sun gina manhajar bashi mai kyau, kuma da wuya a ji sunanta a wajen Nairobi.

A gefe guda akwai eNaira, wadda aka ƙaddamar ranar 25 ga Oktoban 2021. Cikin 'yan kwanaki ƙorafin masu ƙoƙarin yin rajista ya cika Play Store, kuma wani nazari na Asusun Ba da Lamuni na Duniya ya nuna daga baya cewa mafi yawan asusun da aka buɗe ba a taɓa su. Dalilan suna da yawa, ba duka ne na zanen manhaja ba. Amma tambayar farko da mai bincike ke ɗauka zuwa kasuwa ita ce wadda ta fi damun eNaira: wace matsala wannan abu zai magance wa mai tumatir wadda tura kuɗi ta banki ko zuwa wurin mai POS bai magance ba?

Binciken da za a yi a ƙasar Hausa yana da nasa sharuɗɗa, kuma littattafan da aka rubuta a Kalifoniya ba su san da su ba. Bahaushe yana da kara. Idan baƙo ya zo da manhajar da ya gina, ya ba shi lemo, ya tambaye shi yaya ya gan ta, amsar ita ce ta yi kyau, Allah ya ƙara basira, ko da kuwa bai gane komai a ciki ba. Don haka tambayar ra'ayi ba ta da wani amfani sosai, sai an ba mutum aiki an kalli yatsunsa. Gidaje da yawa ba a shiga, ke nan tawagar da ba ta da mace mai bincike ta rufe wa kanta ƙofar rabin kasuwa. Waya ɗaya tana iya zama ta mutum uku a gida. Wani ba ya karanta boko amma yana karanta ajami, wani kuma saƙon murya ne duk harkarsa. Sau tari mai danna manhajar ba shi ne mai kuɗin ba, yaron shago ne ko mai POS. Fassarar da aka yi wa maɓalli da na'ura kan fito da Hausar da babu mai yin ta, ko ta yi tsawo ta fice daga cikin maɓallin, ko ƙ da ɗ su koma akwatin da babu komai a ciki. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da zai bayyana a jadawalin da ake kallo daga Legas, balle daga Landan.

Ƙorafi ma ba bincike ba ne

Adalci ya sa a faɗi ɗaya ɓangaren. Mutane ba sa son canji, ko da mai kyau ne. A watan Satumban 2006 da Facebook ya kawo shafin da ke jero labaran abokai, dubban ɗaruruwan masu amfani suka yi masa bore, amma yau shafin ne zuciyar manhajar. Kamfanin da ke janye duk abin da aka yi wa ihu ba zai taɓa ƙirƙirar komai ba. Sai dai wannan hujja ce ta a yi bincike, domin shi ne ke bambance mai jin haushi saboda an taɓa masa abin da ya saba da mai kasa yin abin da ya zo yi. Na farko zai huce bayan mako biyu. Na biyu zai tafi. Kamfanin Sonos mai ƙera lasifika ya ɗanɗana wannan a watan Mayun 2024, lokacin da ya fitar da sabuwar manhaja da ta rasa abubuwan da mutane ke amfani da su kullum, har da saita ƙararrawa da gyara jerin waƙoƙi, da niyyar a dawo da su a sabuntawa ta gaba. Gyaran ya ci miliyoyin daloli, kuma a watan Janairun 2025 shugaban kamfanin Patrick Spence ya sauka daga kujerarsa.

Ƙananan kamfanonin matasa da ke tasowa a Kano da Kaduna da Abuja kan ce ba su da kuɗin ɗaukar mai bincike. Ba sai sun ɗauka ba tukuna. Safiyar Alhamis ɗaya a kowane zango, mutum biyar daga Kantin Kwari ko Farm Centre, kuɗin mota da katin waya na gode, zane a takarda ko a Figma, da mutum ɗaya mai iya kame bakinsa. Kame bakin ne ya fi wuya, don mai manhaja ba ya iya ganin ana ɓata a cikin abinsa bai miƙa hannu ya nuna hanya ba. Abin da ba a sassautawa shi ne izini: a faɗa wa mutum za a ɗauki muryarsa ko allon wayarsa, a faɗa masa inda za a kai, musamman yanzu da Najeriya ke da dokar kare bayanan jama'a ta 2023.

Shi ma mai amfani da waya yana da abin yi, ko da ba a gayyace shi gwaji ba. Manhajoji da yawa a Play Store suna da wurin shiga rukunin masu gwajin farko, a ƙasan shafin manhajar, kuma kowane mai Itel ko Tecno da ya shiga ya ƙara wa kamfanin wata irin waya da wani irin sabis da ba lallai yana da su a ofis ba. Sannan akwai wurin sharhi. Tauraro ɗaya da zagi yana rage wa manhaja maki, amma babu injiniyan da zai iya ɗaukarsa ya sa a jerin aikin zango mai zuwa. Sharhin da ke cewa wayata Tecno Spark ce, ina kan 3G, na danna tura kuɗi, allon ya tsaya yana juyawa, aka cire kuɗin amma ban ga rasit ba, shi ne wanda ake iya kwafewa a liƙa a allon aiki ranar Litinin da safe, a rubuta sunan injiniya a gefensa.